Tukunya Mai Baƙar Kafaɗa

Ina tsoron safiyar Litinin. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, domin irin abin da ake yi wa mutum dariya a kansa ne, amma tun da na kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na cibiyarmu ta binciken kimiyya, shekara biyu ke nan da wata uku, ban taɓa zura makulli a ƙofar ɗaki na huɗu ranar Litinin gabana bai faɗi ba. Kwana biyu ɗakin yake yi babu kowa a cikinsa. A cikin kwana biyu famfo yana iya yoyo, wuta tana iya ɗaukewa, abin da na ɗaure yana iya kwancewa. Saboda haka kafin in tashi ranar Juma'a nakan duba kowane abu sau uku, har abokan aiki suka ajiye sunana suka koma kirana Sau-Uku.

Difloma gare ni, ba digiri ba, kuma babban aikina shi ne kula da akwatin. Akwati ne na ƙarfe mai fuskar gilas, tsawonsa ya kai na gado, an liƙa masa doguwar safar hannu ta baƙar roba guda biyu. Mutum yana tsaye daga waje zai zura hannuwansa cikin safar ya yi aiki a ciki, ba tare da iskar ɗaki ta sami hanyar shiga ba. Ana cika shi da wata iska mai suna argon, wadda ba ta haɗuwa da komai. A doguwar tukunyar ƙarfe take zuwa, tukunyar kuma tana zama a wani keji da ke jikin bango ta bayan gini, siririn bututu ne yake ratsowa ya kawo iskar ciki. Duk wannan ɗawainiya saboda litiyam ake yin ta. Ƙarfe ne mai laushi kamar sabulu, wuƙa tana yanka shi, yana ƙyalli kamar sabon cokali, kuma ba ya jure iskar da muke shaƙa. Da shi Dakta, shugabar sashenmu, take bincikenta a kan batura.

A Litinin ɗin da nake ba da labari, na buɗe ƙofa, na kunna fitila, na leƙa ta gilas. Falle arba'in na litiyam ne jere a kan faranti, sirara kamar takarda, aikin da Dakta ta yi wata uku tana shiryawa. Suna ƙyalli aka bar su. Yanzu duk sun rine, sun koma wani baƙi mai ratsin ja, irin na jinin da ya kwanta a ƙarƙashin farce.

"Sau-Uku, lafiya ka tsaya kamar an dasa ka?"

Anti Sauri ce, abokiyar aikina, wadda ta riga ni zuwa cibiyar da shekara shida, kuma ita ta koya mini aikin akwatin tun daga zura hannu. Komai nata da gudu take yin sa, har magana. Ta ajiye jaka, ta leƙo ta bayan kafaɗata, ta ga farantin. Ita ce ta jera fallayen ranar Juma'a da yamma, bayan an wanke akwatin, wato bayan an tura sabuwar iska tukunya guda ta kori tsohuwa.

Dakta ba ta faɗa. Da tana faɗa da abin ya fi sauƙi. Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta fita ta zaga bayan gini ta duba keji. Tukunyar da ta tarar koriyar kafaɗa gare ta, alamar argon ke nan, kuma cike take, domin mai kula da sito ya riga ya canja ta da sassafe kamar yadda yake yi duk bayan wanki. Ta dawo ta miƙe safar hagu, ta haska ta da fitilar waya. A kan yatsa na huɗu akwai wani siririn kuje.

"Wa ya zura hannu na ƙarshe?"

"Ni ce, Dakta."

"Da zoben?"

Anti Sauri ta dubi hannunta kamar na wata ne. Zoben mahaifiyarta ne, tun rasuwarta ba ta son raba shi da yatsa, kuma sau biyu ana yi mata gargaɗi a rubuce a kansa.

"Ina jin na cire, Dakta. Wallahi ban tuna ba."

Na yi ta maza na ce, "Dakta, ma'aunin oksijin da ke jikin akwatin bai motsa ba."

"Wannan ma'aunin?" Ko kallonsa ba ta yi ba. "Bara ƙofar gefen akwatin ta kwana a buɗe, yana nan yana ce mana lafiya lau. Iska ce ta shiga, Malam. Ka kwashe waɗannan ka zubar yadda ya dace, ka rubuta a kawo sabuwar safa." Ta juya wajen Anti Sauri. "Takarda za ta same ki yau. Ina son amsa ranar Laraba kafin ƙarfe ɗaya."

Babu wanda bai san abin da takarda ta uku take nufi ga ma'aikaciyar kwantiragi ba. Sallama ce. 'Ya'ya uku gare ta, kuma ita kaɗai take riƙe da su.

Akwai wata ɗabi'a tawa wadda ba ta cikin ƙa'idojin aiki. Ni ma ban yarda da ma'aunin ba, saboda haka duk Juma'a nakan yanki guntun sodiyam da bai wuce ƙwayar wake ba, in ajiye shi a murfin kwalba can ƙuryar akwatin, bayan sikeli. Sodiyam ɗan uwan litiyam ne, amma ya fi shi zafin kai nesa ba kusa ba. In ka yanka shi a fili, kafin ka ajiye wuƙa fuskarsa ta dushe. Shi ne shaidata. Idan na same shi yana ƙyalli ranar Litinin, na tabbata ko numfashin iska bai shiga ba.

Da ɗakin ya zama babu kowa, na haska ƙuryar. Yana nan yana ƙyalli kamar yanzu aka yanka shi.

Na fitar da falle ɗaya ta ƙofar gefe, na kai kabad mai zuƙe hayaƙi, na kankari baƙin da ke jikinsa a kan gilas, na ɗiga masa ruwa. Ya yi 'yar ƙara. Wani wari ya taso mai hawa kai, irin na fitsarin da ya kwana a kwalba. Amoniya ce, kuma amoniya ba ta samuwa sai da naitirojin.

Na zauna a kan kujerar sikeli, darasin shekararmu ta biyu a difloma yana dawo mini layi bayan layi. Iskar da muke shaƙa, in an kasa ta biyar, kashi ɗaya oksijin ce, kusan huɗu naitirojin. Duk da yawanta, naitirojin ba ta shiga sabgar kowa, domin ƙwayoyinta bibbiyu suke tafiya, kuma ɗauri uku ne ya haɗa kowaɗanne biyu, ɗaurin da yake cikin mafiya wuyar kwancewa. Na oksijin ya fi sauƙi, shi ya sa a fili ita take riga isa jikin yawancin ƙarafa. Kafin ƙarfe ya haɗu da naitirojin, dole kuzarin da zai fito idan ƙwayoyinsu sun jeru sun kama juna ya zarce wanda aka kashe wajen kwance wancan ɗauri. Kamun kuwa gwargwadon kusanci yake ƙarfi. Ƙwayar litiyam ƙarama ce ƙwarai, tana matsowa dab da ta naitirojin, kamun ya yi tsauri, haɗin ya zauna. Ƙwayar sodiyam ta fi girma, ba ta iya matsowa haka, saboda haka duk zafin kansa sai ya zauna a cikin naitirojin shekara guda ba abin da ya haɗa su. Malaminmu ya ce a cikin danginsu kaf litiyam ne kaɗai yake yin wannan ba tare da an hura masa wuta ba, kuma ya ce mu ja layi a ƙarƙashin maganar. Na ja layin, na ci jarrabawar, ban taɓa zaton zan ga abin da idona ba.

Da iskar ɗaki ce ta shiga ta kujen safa, sodiyam ne zai fara lalacewa. Tunda shi ya tsira, ɗan uwansa ya rine, abin da ya kwana biyu a cikin akwatin naitirojin ce zalla, babu oksijin a tare da ita. Ma'aunin bai yi ƙarya ba wannan karon. Hanya ɗaya ce kuma naitirojin zalla za ta bi ta shiga akwatin nan, ita ce ta bututu.

Mai kula da sito, wanda kowa yake kira Baba Sito, kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare lokacin da mahaifina ya rasu, shi ya kai ni makarantar da na yi difloma, shi kuma ya ɗauki takarduna da hannunsa ya kai ofishin ɗaukar ma'aikata. Saura wata goma sha huɗu ya ajiye aiki. Abin da cibiyar ba ta sani ba shi ne, shekara guda ke nan da yanar ido ta fara rage masa gani. Yana gane mutum da tafiyarsa da muryarsa, yana gane makullai da lalube, amma kore mai duhu da baƙi sun zama abu ɗaya a wurinsa. Kafaɗar tukunyar argon koriya ce mai duhu. Ta naitirojin baƙa ce. Tsayinsu ɗaya, bakinsu ɗaya.

Dabarar da muka yi ni da shi, ba tare da mun taɓa kiran sunanta ba, ita ce duk Laraba in motar kamfanin gas ta sauke kaya, sai in sauka sito kamar gaisuwa na zo, in jera masa argon a dama da ƙofa, naitirojin a hagu. A makon da ya wuce motar ba ta zo ba sai Alhamis da yamma, ina tare da Dakta. Na ce zan jera da safe. Ranar Juma'a kuwa ita ce ranar ƙarshe ta rajistar jarrabawar babbar difloma da nake son rubutawa, ana rufewa ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyu na yanki sodiyam ɗina, na ɗauki fam ɗin da ake cikewa kafin wankin akwati. Layi na biyar yana cewa: an duba launin tukunya da rubutun jikinta. Ta taga na hango Kawu yana tura tukunya a keken ɗaukar kaya, bayansa kawai nake gani. Na sa alama a layi na biyar, na sa hannu, na fita da gudu.

Ranar Litinin ban iya sauka sito ba. Ranar Talata na jira har Kawu ya tafi cin abincin rana, na buɗe da makullin da ya ba ni tun bara. A jerin dama na sami baƙaƙe biyu sun saje da koraye, na mirgina su hagu. Sannan na je lungun da ake tara tukwanen da suka ƙare. Kawu yana da al'adar rubuta lambar ɗaki da rana da alli a jikin duk tukunyar da ya fitar, da manyan baƙaƙe, domin hannunsa bai manta abin da idonsa ya daina gani ba. Ta uku daga bango, an rubuta mata huɗu, an rubuta Juma'a. Kafaɗarta baƙa ce wuluk. Washegari da rana motar za ta zo ta kwashe su duka.

Ina komawa sama na tarar da Anti Sauri tana jirana da takarda a hannu.

"Sau-Uku, kai ne gwanin tsara magana. Duba mini wannan, kada in je in yi wa Dakta shirme a kan shirme."

Amsar tuhumar ce. Ta rubuta cewa ta amsa laifinta, cewa sakacinta ne ya jawo asarar, tana roƙon a dubi shekarunta takwas a yi mata sassauci. Na lura babu zoben. Inda yake zama fatar ta yi fari, ta ɗan lotsa.

"Anti, kin tabbata kina sanye da shi ranar?"

"To in ba ni ba wa? Kai? Kai da ko tari za ka yi sai ka duba bayanka sau uku?" Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. "Na ba babbar 'yata ta ajiye mini a gida. Ka ga an yi maganin ɓarawo bayan ya tafi da kaya."

Na karɓi biro na gyara mata waƙafi biyu da kalma ɗaya da ta maimaita. Ta yi mini godiya har da addu'a. A duk rayuwata ban taɓa jin ƙyamar hannuna irin ta wannan rana ba.

Da yamma na tarar da Umma tana goge mini farar rigar aiki a kan teburin falo. Na zauna na kasa cin shinkafar da ta ajiye mini. Ta kafa dutsen guga a tsaye ta ce, "Wa ya mutu?"

Na gaya mata komai, ban da bayanin ƙwayoyi.

Ta juya rigar, ta bi wuyan da guga. "Shekaranjiya da ya zo nan," in ji ta, "rigar nan tana rataye a ƙofa. Ya tsaya ya gaishe ta. Har da tambayar ta mutanen gida."

Dariya ta kuɓuce mini ba da niyya ba.

"Kana dariya. Ni kuka na yi bayan ya tafi. Wata nawa ina ce masa Yaya mu je asibiti, yana ce mini abokinsa ya je an taɓa masa ido ya dawo da sanda. Kai kuma kana can kana jera masa tukwane, kana ganin taimako kake yi."

"To me zan yi, Umma? Shi ya riƙe ni."

"Ni za ka gaya wa? Ina nan aka yi." Ta ninke rigar ta ɗora a kan kujera. "Ban san aikinku ba, ba zan ce maka yi kaza ba. Abu ɗaya na sani. Yayana ne, na san halinsa. Duk abin da za ka yi, kada ya fara jin sa a bakin wani."

Ranar Laraba ƙarfe goma sha ɗaya na sauka sito. Kawu yana zaune a kan bencinsa kusa da ƙofa, inda haske ya fi yawa, yana goge makullai da tsumma, rediyonsa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Injiniya da kansa," in ji shi tun kafin in yi sallama. "Yau kuma ka riga motar zuwa."

Na gaishe shi, na rage muryar rediyon, na ce ina son ya zo ya ga wani abu. Na kai shi lungun, na ɗora hannunsa a kan tukunyar. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allin.

"Rubutuna ne. Huɗu, Juma'a. Sai aka yi yaya?"

"Kawu, baƙa ce."

Ya shafa kafaɗar tukunyar da tafin hannu, kamar launi abu ne da ake ji.

"A dama na ɗauke ta."

"Ban jera ba, Kawu. Na ce zan jera da safe, ban zo ba. Kuma na sa hannu a fam cewa na duba, alhali ban duba ba."

Ya koma bencinsa a hankali, yana lissafin taku. Da ya zauna sai ya ɗaga murya kamar mai gardama a kasuwa. "To ko da ita ce! Naitirojin fa ka ce. Shekara goma sha biyu na yi a kamfanin madara kafin in zo nan, ita muke hura wa gwangwanin madarar jarirai don kada ta lalace. Iskar da ba ta cuci jariri ba ita za ta cinye ƙarfe? Ɗaki na biyu ba da ita suke aiki ba kullum? Wa ya taɓa kuka?"

"Ɗaki na biyu sodiyam suke taɓawa. Shi ba ruwansa da ita."

"Wanda kuka ce in ya ga ruwa yana kama da wuta? Shi ne ba ruwansa, sai wannan salihin?"

"Shi ɗin. Ba zafin kai ne yake sa a kama ta ba, Kawu. A ɗaure take tam, sai wanda zai iya matsowa jikinta sosai. Ƙwayar litiyam ƙarama ce, tana shigewa kusa. Ta sodiyam ta cika girma."

"Wato ni da na yi shekara talatin ina ɗaukar ta a kafaɗa, ban san ta ba ke nan."

"Kun san ta. Wannan ƙarfen ne kawai ba ku taɓa haɗa su ba."

Ya ja tsaki, amma ba da ni yake ba. Ya juya tsumman da ke hannunsa, ya sake juyawa. Can ya ce, murya ƙasa, "Alli ne fa, ɗana. Ko yayyafi yana goge shi."

"Haka ne."

"Wa ya sani ban da kai?"

"Umma."

"Uwar surutu." Ya girgiza kai. "In ka hau sama ka ce baƙa ce, tambaya ta biyu ita ce yaya aka yi Baba Sito bai gani ba. Ka san amsar. Za su kira ni ofis, su miƙo mini takarda su ce karanta. A gaban yaran da na nuna wa hanyar banɗaki ranar da suka fara aiki. Wata goma sha huɗu kawai nake nema, in fita da ƙafata, a yi mini hoto a bakin ƙofa kamar kowa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba zan iya yi masa alkawarin cewa ba haka za ta kasance ba. Na dubi jerin dama da na hagu, na tuna Larabobin da na yi ina mirgina tukwane ina jin daɗin kaina. Na ɗauka ina tsare shi ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wanda abin zai faɗa wa a ranar da na makara ba.

"Ita yarinyar," in ji Kawu, "me suka ce za su yi mata?"

"Takarda ta uku ce. Ƙarfe ɗaya za ta miƙa amsa. Ta rubuta cewa ita ce."

"Ita ta ce ita ce?"

"Ta ɗauka ita ce. Ni na gyara mata rubutun."

Ya ɗago ya dube ni, ko kuma ya dubi inda nake. "Kai ka gyara."

"Ni na gyara."

"Duk watan duniya sai ta kawo mini maganin ciwon gwiwa," in ji shi. "Ban taɓa ce mata gwiwata tana ciwo ba. Tafiyata ta gani." Ya ajiye tsumman a gefensa a kan benci, ya kife hannu a kansa. Bai miƙo mini ba, bai kuma tashi ba.

Sai ga ƙarar mota tana ja da baya a tsakar gida. Direban kamfanin gas ya leƙo, wani ƙato mai tawul a wuya, abokin aikinsa yana biye da keken ɗaukar kaya.

"Baba Sito, ran sito ya daɗe! Yau sauri muke, wurare biyar suka rage. Nawa ne marasa komai?"

"Tara," in ji Kawu.

Suka fara daga bakin lungu. Ina tsaye ina jin ƙarar gindin kowace tukunya a kan siminti, ina ƙirgawa ba da son raina ba. Ta huɗu ta fita, ta biyar ta fita. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata. A sama, na san Anti Sauri tana zaune da takardarta a cikin ambulan, tana jiran Dakta ta fito daga taro. Kawu bai motsa ba, fuskarsa tana wajen ƙofa. Ta shida ta fita. Direban ya dawo yana share gumi, ya kama wuyan ta uku daga bango, ya karkato ta.

Na taka na dafa ta. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maigida, bar wannan, takwas za ku ɗauka yau. Kawu, zan tura ta sama yanzu da allinta, in nuna wa Dakta kafin ƙarfe ɗaya. Zan ce mata naitirojin ce, kuma ni na sa hannu ban duba ba. Ba ni zan fara ɗauko maganarku ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Gobe kuma zan nemi izini, ni da ku da Umma za mu je a duba idon nan."